Fujipet: wata uku da kyamarar yaran Japan

Wata uku ke nan da Fujipet ta shigo hannuna, na kuma ƙarar da fim huɗu a cikinta. Kamfanin Fuji na Japan ne ya fito da ita a 1957 don yara da masu koyo, a kan yen 1,950. Ta girmi mahaifina, amma sakayau take a hannu: roba ce da ɗan alminiyom, ga wurin leƙe dogo a samanta.

Abin da ya sa ta kwanta min a rai wasu ƙananan hannaye biyu ne a gefen idonta, ɗaya an rubuta 1, ɗaya 2. Ka danna 1 ta ɗana, ka danna 2 ta ɗauka. Ba batir, ba saita nisa. Ƙofar haske uku ce kawai, 11, 16 da 22. In rana ta take sai ka matse zuwa 22, in gari ya lumshe ka buɗe zuwa 11. 'Yar yayata mai shekara goma ta gane ta nan take. Ta manna ido, ta riƙe numfashi, muka ji ƙyas, sai ta juya bayan kyamarar tana dubawa. "Kawu, ina hoton?" Na ce sai an wanke. Kwana goma sha biyu tana tambaya, ranar da ya zo kuwa ta kwana da shi ƙarƙashin filo.

Hotunan murabba'i ne, tsakiya fes, gefe dishi-dishi kamar an shafa hazo, kuma haka nake son su. Sai dai tana da nawa wajen ɗauka, hannu ya ɗan motsa hoto ya yi ruwa. A cikin ɗaki kuwa kada ma ka ɓata fim. In ka manta ba ka murɗa fim ɗin gaba ba, hoto biyu za su hau juna. Sau uku hakan ta same ni.

Arahar tata a jiki ta tsaya. Fim samfurin 120 take ci, hoto 12 kacal a naɗi ɗaya, kuma duk masu hoton garinmu sun daina wanki, sai da na aika wani gari. Wanda ya sayar min bai faɗa min haske na satar shiga ta murfin baya ba, fim ɗin farko rabinsa ya ƙone, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Na liƙe gefen da baƙin salatif, tun daga nan ban sake asarar ko ɗaya ba. Naɗi na biyar yana ciki yanzu, na bar wa yarinyar shi ta ɗauki kakarta ranar Sallah.