Zama a Birnin Kebbi ko Tafiya: Zaɓin Matashin Ɗan Ƙwallo

Matashin da ke atisaye a filin wasa na Haliru Abdu, idan ya zauna gida, yana da tuwon mahaifiyarsa da kocin da ya san rauninsa, sai dai masu farautar 'yan wasa ba kasafai suke leƙowa nan ba, ƙarfin ƙafa kuwa raguwa yake yi. Tafiya ta fi haɗari, domin akwai dillalan da ke karɓe kuɗin shinkafar da iyaye suka noma a fadama, su yi ɓatan dabo. Duk da haka, Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holan a 2010, har ya kai Leicester a 2016. Ni dai tafiyar nake goyon baya, muddin an ga kwantiragi a rubuce kafin a ɗaure kaya.