CinemaSins: tashar da ke ƙirga wa fim laifuka, da abin da ƙirgar take ɓoyewa

Duk mai neman sharhin fina-finan Amurka a YouTube da wuya ya yi nisa bai ci karo da CinemaSins ba. Mutum biyu ne suka kafa tashar, Jeremy Scott da Chris Atkinson, mazauna birnin Nashville na jihar Tennessee, kuma bidiyonsu na farko ya fito a watan Disambar 2012, a kan fim ɗin The Amazing Spider-Man. Yanzu mabiyanta sun haura miliyan 9. Takensu shi ne babu fim ɗin da ba shi da zunubi, kuma a kan wannan suka ɗora komai.

Tsarin bidiyon ɗaya ne, ba ya canzawa. Za a sako guntun fitowa na 'yan daƙiƙoƙi, muryar mai sharhi ta faɗi aibin da ta gani, a buga 'yar ƙararrawa, lambar da ke saman allo ta ƙaru da ɗaya. Gefe guda kuma agogo na tafiya. Abin da ake faɗa ana rubuta shi a ƙasan allo, wanda taimako ne babba, domin Turancin da sauri yake fita. Wanda kunnensa bai saba ba, ya shiga saitin bidiyon ya rage gudu zuwa 0.75. A ƙarshe a tara jimilla, a yanke wa fim ɗin hukunci na barkwanci, sannan a sako wasu fitowa da aka liƙa musu muryoyin wasu fina-finan daban. Ta fuskar tace hoto da sauti, aikin a tsabtace yake. Babu jan rai, babu dogon gabatarwa, kuma rubutun na karantuwa ko an sauke ingancin hoto zuwa 360p don tsimin data.

Matsalar tana cikin lambar nan da ke hawa. Idan aka zauna aka rarraba laifukan bidiyo guda, za a ga ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai kuskuren kwantiniti na gaske, wato rashin daidaito tsakanin hoto da wanda ya biyo shi: kofi a hannun dama, kyamara ta juya ya koma hagu, ko raunin da ke goshin jarumi ya ɓace a fitowa ta gaba. A nan tashar ta ƙware, kuma mai koyon aikin kwantiniti zai ƙaru da idonsu. Akwai kuma ɗabi'un da fina-finai suka saba maimaitawa, kamar mugu ya tsaya yana zuba bayani maimakon ya gama da wanda ya kama. Sai barkwancin da suka mayar al'ada: ƙirga daƙiƙoƙin da tambarin kamfanoni ya ci a farkon fim, ko cewa a rufe fim a tashi da zarar wani ya ambaci sunan fim ɗin a cikin magana. Na huɗu shi ne mafi cutarwa, wato ƙorafi a kan abin da fim ɗin ya riga ya yi bayaninsa, wani lokaci minti biyu kacal kafin wurin da aka yanko. Dukkan waɗannan ƙararrawa ɗaya ake buga musu, maki ɗaya ake ba su. Mai kallo da bai ga fim ɗin ba ba shi da hanyar gane wanne ne gaskiya, wanne ne wasa, wanne ne rashin lura.

Su masu tashar suna cewa su ba masu sharhi ba ne, 'yan barkwanci ne, kuma wasu kura-kuran da gangan suke saka su. Wannan amsa tana da kyau a baki, amma ta zame musu mafaka. In sukar ta yi daidai, an yaba musu da kaifin ido. In ta kuskure, sai a ce ai wasa ne. Kunkuru ne, da an taɓa shi sai ya shige ƙoƙonsa.

Daga nan ne ce-ce-ku-cen ya samo asali. Tun 2013 darakta Rian Johnson ya nuna rashin jin daɗinsa da bidiyon da suka yi wa fim ɗinsa Looper, yana ganin akwai ƙeta a ciki. Babbar caccakar ta zo a watan Agustan 2017, lokacin da Jordan Vogt-Roberts, daraktan Kong: Skull Island, ya bi bidiyonsu a Twitter yana nuna wuraren da aka zargi fim ɗin da abin da ke bayyane a allo. Abin lura shi ne ba suka yake gudu ba, domin a wannan shekarar ya fito a Honest Trailers, shirin barkwanci na tashar Screen Junkies da ke zolayar fina-finai, ya lissafa aibobin fim ɗinsa da bakinsa. Ƙorafinsa shi ne a yi sukar da ta dace. Wasu masu tashoshi, irin su Shaun da Bobvids, sun yi dogayen bidiyoyi suna ɗauko laifi ɗaya bayan ɗaya suna gwada shi da ainihin fitowar. Wata tashar kuma, CinemaWins ta Lee Boucher, ta ɗauki tsarin ta juya shi, tana ƙirga abubuwan da fim ya yi daidai. Ta fi daɗin ji, ko da yake takan yi rowar suka har inda sukar ta wajaba.

Me ya sa laifuka marasa tushe suka yawaita? A duba tsawon bidiyon. Na farkon ya yi alƙawarin minti 2 ko ƙasa da haka. Na 'yan shekarun nan sukan kai minti 15 zuwa 20, wasu su wuce. A 2012 YouTube ta koma fifita yawan lokacin da mutane suka ɓata suna kallo a kan yawan latsawa kawai. Sannan tallan tsakiyar bidiyo sai bidiyon ya haura minti 10 ake iya saka shi, kafin a rage zuwa minti 8 a 2020, kuma kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan na mai tasha ne. Fim mai tsawon awa biyu da wuya ya ƙunshi kura-kurai na haƙiƙa da za su cika minti 20. Dole a yi ciko, kuma cikon shi ne jinsi na uku da na huɗu.

Gajerun yankan ma suna da nasu dalilin. Na'urar Content ID ta YouTube tana gano hoto da sautin da kamfani ya yi wa rajista, ta toshe bidiyo ko ta karkatar da kuɗin tallan ga mai haƙƙin mallaka. Dokar Amurka ta yarda a ɗauki guntun aiki don sharhi, amma na'urar ba ta san niyya ba, shi ya sa masu irin wannan sana'a ke yanka fitowa ƙanana-ƙanana suna rufe ta da murya. Sakamakon shi ne mai kallo na ganin daƙiƙa biyar, abin da ya gabace su da abin da ya biyo baya duk an sare.

Wanda zai kalla, ya fara ganin fim ɗin tukuna, domin bidiyon yana tona labarin tun daga farko har ƙarshe. Idan wani laifi ya yi masa kama da gaskiya, ya dakatar, ya nemo fitowar a fim ɗin, ya koma baya kamar minti uku ya kalla har ya wuce ta. Sau da yawa amsar tana wurin. Kada a auna bidiyon da yawan waɗanda suka yaba, tunda YouTube ta ɓoye adadin waɗanda suka nuna ƙi tun Nuwamban 2021, gara a leƙa tsokacin masu kallo, inda ake yawan kawo gyara har da mintin da abin ya faru. Jimillar ƙarshe kuwa a yi watsi da ita gaba ɗaya: fim mai laifi 150 bai fi mai 200 kyau ba, kuma sukan ƙara ɗimbin maki a wani zagayen ƙari da suke yi a ƙarshen wasu bidiyoyin ko su cire ɗaya don fitowar da ta burge su, ba bisa wata ƙa'ida ba.

A matsayin abin dariya na bayan kallo, tsofaffin bidiyonsu na 2013 da 2014, gajeru masu kaifi, sun cancanci datar da za su ci. Ga mai son sanin ko fim ya cancanci awa biyunsa, ko ɗalibin da ke son fahimtar dalilin da fitowa ke kama zuciya, tashar ba za ta biya masa buƙata ba. Every Frame a Painting ta Tony Zhou da Taylor Ramos, wadda ta yi bidiyo 28 kacal tsakanin 2014 da 2016 ta dakata, ta fi kusa da abin da yake nema.