Hawan jini da maganar da ba ma yi a Tawa

Ƴan'uwa na Tawa, ina gaishe ku daga Liyon. Kun ji an sa mini ɗan ƙarfe a jijiyar zuciya. Alhamdu lillahi, jiki da sauƙi. Abin da ya biyo baya ne ban faɗa wa kowa a waya ba.

Bayan aikin aka tura ni cibiyar farfaɗo da masu ciwon zuciya, kuma asusun lafiya ya ɗauki nauyin kuɗin. Tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina, koyon rage gishiri, duk na yarda. Sai na ga randebu da likitar halayyar ɗan Adam a cikin takardar. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce wa mai jinyar: zuciyata ke ciwo, kaina lafiya lau. Kun san a wajenmu, wanda aka kai wurin irin wannan likita an gama da shi, har ɗiyarsa sai ta sha wuyar samun miji.

Matar ko awo ba ta yi mini ba. Ta tambaye ni yaya barci, me ke zuwa raina in na farka tsakar dare. Sai ga ni ina lissafa mata: ragon layya, buhun hatsi kafin kaka, ordonansin Inna, ƙanen da ke jiran moto ya fara kabu-kabu. Ba ta katse ni ba har na ƙare. Sannan ta jawo takarda ta zana mini yadda fargaba ke sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke, tansiyo ya hau. Ashe binciken INTERHEART na 2004, a ƙasashe 52, ya sa damuwa cikin abubuwa 9 da ke jawo ciwon bugun zuciya, jere ɗaya da taba da ciwon suga. Ta koya mini numfashi: a shaƙa daƙiƙa 5, a fitar daƙiƙa 5, na minti 5, sau 3 a rana. Kuma ta ja kunnena kada in kuskura in ajiye ƙwayata don na koyi wannan.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Samun randebu kaɗai ya isa ya ta da tansiyon mutum. Maƙwabcina har yau bai san na kwanta asibiti ba. Da a gida ne, da tabarma ta kasa masu dubiya, ga fura, ga addu'a. Na yi kewar fada da shayi har hawaye.

Amma a fadar me muke tattaunawa? Ƙwallo da siyasa. Mutum na ɗauke da bashi da rigimar gida, in ya buɗe baki a ce masa namiji ba ya kuka, yi haƙuri. A auna shi a ga tansiyo ya wuce 14/9, iyakar da ake ƙirga hawan jini daga ita, ya sha magani mako guda, ciwon kai ya lafa, ya koma ga bisap da tafarnuwa. Ran da ya faɗi, a ce jifa ne.

Yaya, in za a auna Inna, a bar ta ta zauna minti 5 tukuna, kuma ka tambaye ta abin da ke hana ta barci. Sauranku kuma, don Allah, maganar kuɗi ta jira gari ya waye.