Manhajar ma'anar sunaye: ta san Yusuf, ba ta san Isuhu ba

Wannan manhajar ta ma'anar sunaye da ake saukewa a waya gaskiya ba laifi in dai asalin suna kake nema. Da Yusuf na gwada ta, kuma ta burge ni don ba ta tsaya a Larabci kawai ba kamar yadda sauran suke yi, ta koma har Ibrananci, Yosef, wato "Allah ya ƙara", ta ma kawo abin da ke cikin Attaura cewa Rahila matar Annabi Yakubu ce ta sa masa sunan tana roƙon Allah ya ƙara mata wani ɗa. Wasu manhajojin sai ka ga sun rubuta maka wai ma'anarsa kyakkyawa, alhali kyau siffar Annabi Yusuf ce a ƙissa, ba ma'anar sunan ba. Wannan ba ta faɗa ramin nan ba, ta kuma ambaci Suratu Yusuf, sura ta 12 a Alƙur'ani mai ayoyi 111.

Inda na fi jin daɗi shi ne wajen 'yan'uwan sunan. Kana dannawa sai su zubo, Joseph na Ingila da Faransa, Giuseppe na Italiya, Iosif na Rasha irin na Stalin, José na Sifen da Fotugal, ga Josep na Kataloniya da ake gajarta shi Pep. To kun ga kenan masu horar da 'yan ƙwallon nan José Mourinho da Pep Guardiola duk Yusuf ne, takwarori ne ashe duk rigimar nan da suka sha a Laliga, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

Amma fa da na rubuta Isuhu sai ta ce ba ta samu ba. Yusufu ma haka. Na sa Issoufou yadda 'yan Nijar ke rubutawa, sunan mutumin da ya mulki ƙasa daga 2011 zuwa 2021 fa, shiru. Maitama kam ban ma wahalar da kaina ba, manhajar da ba ta san Isuhu ba ina za ta san laƙabin Yusuf, balle ta san marigayi Ɗanmasanin Kano.

Sai talla, kai tallan ya yi yawa, kowane suna ka buɗe sai bidiyo ya tare maka fuska, kuma in ba data ko buɗewa ba ta yi. Tauraro uku na ba ta cikin biyar, in sun saka sunayenmu zan ƙara ɗaya.