Faifan flofin Alhaji da mai gyaran da na samu a Ikeja

'Yan uwa masu injin surfani na kwamfuta a gida, da ku nake. Shagon da nake aiki a Agege muna da tsohon injin Tajima wanda a da ba ya karɓar zane sai ta faifan flofi, wato tsohon faifan ajiyar bayanan kwamfuta. Duk aikin wuyan da maigidanmu ya tara, aska takwas, aska biyu, da waɗanda ya zana da kansa, suna cikin faifai a gwangwanin biskit. Daminar bana ta yi musu illa. Mu a Arewa ƙura muka sani, nan Legas kuwa danshi ne: in ka ja ƙarfen murfin sai ka ga funfuna fari-fari a kan baƙar ledar ciki. Inji ya ƙi karantawa, ga ɗinkin sallah a jibge. Sabo kuma babu, tun 2011 Sony ya daina yin su.

Maigidan namu, Alhaji, ya ce, "Ɗauki ka kai Ikeja, in da rabo a dace."

Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sai mai haƙuri. Tun daga bakin titi samari ke jan rigarka, kowa shi ne injiniya. A saman wani bene a layin Otigba na samu wani dattijo Bayarabe, kuma abin da ya yi har yau yana raina. Ƙin saka faifan ya yi a na'ura. Ya ce funfunar za ta kankare ledar, ta kuma ɓata kan da ke karatu. Ya sa auduga da sifirit yana gogewa, yana juya faifan da yatsa kaɗan-kaɗan. Da ya bushe ya saka shi a ma'ajin flofin da ke haɗe da wata 'yar na'ura, Greaseweazle, mai ɗauko maganaɗisun faifan yadda yake, layi 80 a kowace fuska. Inda ya ƙi, ya sake bi. Sai da ya fitar da hoton faifan, wato kwafinsa sukutum, a kwamfuta ya ajiye na asalin gefe, duk gyaran a kan kwafin ya yi shi.

Shi ya fahimtar da ni dalilin da injinmu ke tofar da wasu faifan masu lafiya. Iri biyu ne: mai 720KB da mai 1.44MB. Na farkon yanki 9 ne a kowane layi, na biyun 18, kuma ana gane babban da ƙarin huda a kusurwa. Namu ƙaramin ya sani. Ya tsamo zanukan, fayilolin DST, wato tsarin zanen da injin Tajima ke karantawa, ya jera su a sabbin hotuna daidai bakin injin, ya zuba a filas. Washegari yaronsa ya zo ya cire ma'ajin flofin ya sa Gotek a gurbinsa, akwatin da inji ke ɗauka flofi ne alhali filas yake karantawa. Zanukan da suka mutu kuwa ya rubuto sunayensu a takarda, bai ɓoye ba.

Nan ne raina ya ɓaci da halinmu. A gida mai gyara zai iya cewa ban iya ba? "Kawo mu gani," ya hura masa iska, ya goga a riga, ya cusa a kwamfuta har ya ƙarasa kashe shi, sannan ya ce dama kwanansa ya ƙare. Mu masu kai gyaran ma da namu: in ba a canza ƙarfe mun gani ba sai mu ce me aka yi da za a biya? Shi ya sa yaranmu masu basira suka tsaya a canza gilashin waya.

Amma fa kuɗin dubawa daban na biya tun kafin ya taɓa komai, kuma ko naira bai rage ba. Babu sannu da zuwa, babu benci, a tsaye na yini. Na tuna masu gyaranmu da za su shimfiɗa maka tabarma, a tambayi iyali, a yi jam'in la'asar tare, in kuɗinka bai cika ba a ce kawo sauran gobe. Wannan kam Legas ba ta da shi, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Wanda faifansa ke karantuwa har yanzu, ya kwafe su wannan makon. Wanda ya riga ya fara gardama kuma kada a sake saka shi a inji, a nisanta shi da lasifika da duk abu mai maganaɗisu, a ba direbobin da ke sauke kaya a Mile 12 su taho da shi.