MBA ta intanet: wacce ce ta cancanci kuɗinka a Kumasi?

Tallan yana bin mutum har cikin WhatsApp: digirin MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, daga Ingila, kana zaune a shagonka na Aboabo ko ofishinka na Adum, ka riƙa biya da MoMo kaɗan-kaɗan. Wasu tallan na gaskiya ne, wasu kuwa takarda ce kawai mai ƙyalli. Mun duba hanyoyi uku da ɗan zango ya fi cin karo da su, kuma ba duka ne za mu ce a saka kuɗi a ciki ba.

Kafin maganar kowace makaranta, akwai hukumar GTEC. Ita ce aka kafa a 2020 bayan an haɗe tsohuwar hukumar tantance makarantu ta NAB da majalisar NCTE, kuma ita ke da hurumin cewa makaranta ko kwas ya inganta a Ghana. Abin da yawancin mutane ba sa lura da shi shi ne, tantancewar iri biyu ce: ta makarantar daban, ta kwas ɗin daban, kuma kowacce tana da wa'adi. Jami'a na iya samun izini amma MBA ɗinta bai samu ba, ko nasa ya ƙare. Don haka ka nemi sunan kwas ɗin kansa da ranar ƙarewar izininsa. Idan makarantar ta waje ce, ka tuntuɓi GTEC a rubuce tun kafin ka biya kuɗin fom, domin a gabanta za ka kai takardar ranar da za ka nemi aikin gwamnati ko ƙarin girma.

Hanya ta farko ita ce ta gida, wato CEMBA, wani kwas na MBA da cibiyar karatu daga nesa ta jami'ar KNUST ke gudanarwa da haɗin gwiwar Commonwealth of Learning, hukumar ƙasashen Commonwealth mai kula da karatu daga nesa. Ana neman digiri na farko da ƙwarewar aiki. Ba intanet zalla ba ne, akwai haɗuwa da malamai da kuma jarrabawa, saboda haka mai shago da Asabar ce babbar ranar cinikinsa ya san wanda zai bari a wurin. Amma ana biya da sidi, babu mai ɗaukar ma'aikata a Ghana da zai tambaye ka ina ne KNUST, kuma abokan ajinka su ne mutanen banki da asibiti da ma'aikatu da gobe za ka buga musu waya. Ga wanda aikinsa da kasuwancinsa duk a nan suke, wannan muka fi amincewa da ita. Wanda ke Akra ya gwada ta da tsare-tsaren GIMPA, UPSA da makarantar kasuwanci ta Legon.

Ta biyu ita ce jami'ar waje mai suna da ke koyarwa kai tsaye, irin iMBA na jami'ar Illinois a Amurka, wanda ake yi ta Coursera, dandalin karatu na intanet. Karatun mai kyau ne, makarantar kuma tana da hatimin AACSB, ɗaya daga cikin manyan hatimai uku na makarantun kasuwanci a duniya, tare da AMBA da EQUIS. Kar ka yarda da hoton hatimi a shafin makaranta. Shiga shafin mai hatimin ka nemi sunanta da kanka. Matsalar ita ce kuɗi: ya haura dala dubu 20. Duk wanda ya ga 2022 ya san abin da hakan ke nufi, shekarar da dala ta tashi daga kusan sidi 6 ta wuce 14. Mai karɓar albashi da sidi ya ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku a kan lissafinsa kafin ya ce zai iya. Sai kuma lokaci: ƙarfe 7 na yamma a Chicago sha biyun dare ne ko ɗaya a Kumasi. Ka tambaya ko akwai aji na wani lokacin, ko ana naɗar darasi, da yadda ake haɗa rukunin aiki.

Ta uku ce ke cinye kuɗin mutane, wato ta dillalai masu cewa za ka gama MBA cikin wata shida ko tara. Tsarin kansa ba haram ba ne. Digiri na biyu a Ingila kiredit 180 ne, kiredit kuwa shi ne ma'aunin yawan karatun da aka yi. Mutum na iya yin difloma ta mataki na bakwai mai kiredit 120, sannan ya cike 60 da rubutun bincike a wata jami'a. Inda ake yanka mutane shi ne a tsakiyar. Dillalin ba shi ke ba da digiri ba. Sai ka gama difloma a ce maka kuɗin cikon daban ne, da fam, ko yarjejeniyarsu da jami'ar ta ƙare, ka tsaya da rabin hanya a hannu. Ka nemi abubuwa uku a rubuce: sunan jami'ar da zai fito a kan takardar, jimillar kuɗi har ranar yaye ɗalibai, da wasiƙa daga adireshin jami'ar mai ƙarewa da ac.uk da ke tabbatar da cewa ta san dillalin. Wanda ya fara kwana-kwana, ko ya ce rangwame zai ƙare gobe, ka kama gabanka. Haka duk wanda ya ce zai ba ka digiri saboda daɗewarka a kasuwa, ba aji ba jarrabawa.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma yana kayar da mutane: jarrabawar da ake sa ido ta kyamara. Tana buƙatar kwamfuta, waya ba ta wadatarwa, da ɗaki mai shiru wanda ba a leƙowa, abin da ba shi da sauƙi a gidan haya na zango. Idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke a tsakiya, wasu makarantu na soke jarrabawar, sake zama kuma da kuɗi. Ka cika batirin kwamfuta, ka tanadi layi biyu, MTN da Telecel, sannan ka karanta dokarsu ta sake jarrabawa tun kafin ka sa hannu.