Wata bakwai da madubin hangen nesa mai lamba 8x42

Ni tela ne a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, shekara talatin da ɗoriya idona na kan allura. Da likitan ido ya ce in riƙa ɗaga kai ina kallon nesa don idon ya huta, sai na fara hawa saman benen gidanmu bayan sallar asuba ina kallon tsuntsaye. Daga nan sha'awar madubin hangen nesa ta kama ni. Tun da na fara rataya shi a wuya ake tare ni da tambaya, a masallaci da wajen mai koko, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Na farko a bakin titi na saye shi, wajen Kejetia. An rubuta 20x50 a jikinsa, gilashin ja wur kamar an shafa masa manja. Kwana uku na yi da shi kaina ya ɗauki ciwo, domin kowane ido da hotonsa, hankaka ɗaya sai ya koma biyu. Araha ba ta ado. Na biyu, wanda nake magana a kai, a wani shagon kayan kyamara na Adum na same shi, sidi 950 bayan ciniki. Yaron shagon bai azalzale ni ba. Cewa ya yi, "Baba, fito waje ka gwada, kada ka saya a cikin inuwa." Ya sa na rufe idon dama na murza abin tsakiya har rubutun wani allo na ƙetaren titi ya fito tar, sannan na rufe na hagu na daidaita ɗan zoben da ke ɓangaren dama. Ashe zoben nan don irinmu aka yi shi, masu ido ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Ko don wannan bayanin zan sake komawa shagon.

Lambar 8 tana nufin yana jawo abu kusa sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ne mai tara haske. Kada girman lamba ya ruɗe ka. Duk yadda ta ƙaru, rawar hannunka ma ƙaruwa take, filin da kake gani kuma ya tsuke, kafin ka lalubo reshen tsuntsu ya tashi.

Abin da ya fi ratsa ni, tsuntsayen da na ɗauka na sani tun ina yaro, ashe sanin shanu na yi musu. Ga balbela. Da a wurina duk farin tsuntsu mai dogon wuya balbela ne. Da na sa madubin sai na ga iri biyu. Wadda ke bin shanu da juji bakinta rawaya ne, wuyanta gajere, tana tafe a ɗan duƙe. Ɗayar kuwa ta bakin ruwa siririya ce, baki baƙi, ƙafa baƙa, amma idan ta ɗaga ƙafar daga taɓo sai ka ga yatsun rawaya kamar ta sa safa. Na yi kusan rabin sa'a ina kallonta tana kaɗa ƙafa ɗaya a cikin ruwa don ƙananan kifi su fito. Shirwa ma haka: wutsiyarta mai baki biyu ce, da ita take juyawa a iska, fiffiken bai ko motsa ba. Da shigowar rani suka cika sararin Asawase, yanzu da ruwa ya sauka sun ragu, sun yi arewa.

Ungulu ce ta sa ni jimami. Muna yara ba a ƙirga su a bakin kwata. A wata bakwai ɗin nan sau huɗu kacal na gan ta daga benenmu. Ranar da ɗaya ta sauka kan kwanon maƙwabta na ƙare mata kallo: baki siriri, fuska ba gashi, fatar fuskar tana ƙara ja idan wani abu ya zaburar da ita. Tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta saka wannan ungulu cikin masu gab da ƙarewa. Guba na cikin dalilan, da masu sayen kanta da ƙafafunta don tsubbu. Mu da muka san aikin da take yi na kwashe mushe, bai kamata mu yi shiru ba.

Na kai madubin Owabi sau biyu, ni da jikana. Dam ne da aka gina a 1928 don bai wa Kumasi ruwa, dajin da ke kewaye da shi kuma yana cikin wuraren Ramsar, wato jerin dausayoyin da ake karewa a duniya, tun 1988. A ƙarƙashin itatuwa, da hantsi bai ɗaga ba, a nan na ga amfanin 42 ɗin nan, don cikin duhun ganye ma launi yana fitowa. Jikana ne ya fara hango wani tsuntsu mai jan jiki da farin wuya yana taka ganyen bado, ya ce, "Kaka, a kan ruwa yake tafiya!" Yatsunsa dogaye ne ƙwarai, su ke raba nauyinsa a kan ganyen. Ni kuwa wajen tsuntsayen nan rawaya masu saƙa sheƙa na maƙale. Namijin ke yago zare daga ganyen kwakwa, ya riƙe da ƙafa, ya zura da baki ya jawo ta ɗaya ɓangaren, ya ƙulle. Idan ya gama sai ya rataya a ƙasan sheƙar yana kaɗa fiffike don mace ta zo dubawa. Na yi shekaru ina koya wa yara ƙulla zare, ban ga hannun da ya kai bakin nan sauri ba.

Yana da nasa aibu. Igiyar wuyan da ya zo da ita siririya ce, tana cin fata idan an yi gumi, sai da na ɗinka mai faɗi da ragowar yadi. Murafan gilashin gaba ba sa kamawa, ɗaya ya faɗi a motar haya ta trotro tun makon farko. Idan farin tsuntsu ya tsaya a rana tsaka, akwai wani ɗan layi shuɗi-shuɗi da ke bin gefen jikinsa. Nauyinsa ma, bayan sa'a biyu wuya zai gaya maka. Wajen adana shi, kada ka goge ƙurar hunturu da bakin riga, karce gilashin take, hure ta tukuna. Da damina kuma kada ka bar shi kulle cikin jakarsa, laimar Kumasi tana sa gilashi ya yi hunhuna.

Sai wata magana da ba ta shafi shagon ba. Unguwarmu gida kan gida ce, tsakar gidan mutane a buɗe. Tun ranar farko na sallama wa maƙwabtana na nuna musu abin, na ce sama da bishiya kawai zan riƙa dubawa, kuma a kan haka nake. Wanda ba zai iya kiyaye wannan ba, ya haƙura da hawa bene da shi.

Yanzu ina tara kuɗin mota zuwa Bonkro, kudu da Kumasi, inda ake ganin tsuntsun nan mai sanƙon kai rawaya da ke gina sheƙar laka a jikin dutse, wanda aka sake ganowa a Ghana a 2003. Da yamma lis yake dawowa sheƙa, cikin duhun kurmi. Jikana ya riga ya ce shi zai riƙe madubin a hanya.